Gayyar da Ba a Yi Ba a Sheshe

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Iya, mun matso.

To, wannan ba ta dariya ba ce, gara in faɗa muku tun yanzu.

A unguwar Sheshe, can ƙarshen wani lungu da ko baro ba ya wucewa sai an karkata shi, akwai wani gidan ƙasa da ya juya wa kududdufi baya. Mai gidan shi ne Malam Ɗantani, masinja a wani ofishin gwamnatin tarayya da ke Waje, can bayan ganuwar gari. Yana zaune da iyalinsa da kuma yayarsa Adama. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta tsaya har ya yi aure. Da mijinta ya rasu, sai ta dawo gida ta shiga ɗakin mahaifiyar tasu, ɗakin ƙarshe, wanda bangonsa ke tsaye daf da bakin ruwa. A ƙofar ɗakin take suyar alkakinta na sayarwa, kuma duk yaron da ya wuce sai ta ɓantara masa.

Kududdufin nan shi ke shanye ruwan saman unguwa gaba ɗaya. Mafitarsa ɗaya ce, wani tsohon lambatu da ya bi ta ƙarƙashin lungu ya zuba a babbar kwata. Tun zamanin kakanni, duk shekara kafin ruwa ya sauka, ana kiran gayya. Maza su fito da shebur da diga da kwanduna, a yashe lambatun, a kwashe leda da kainuwa da duk ƙazantar da rani ya tara. Mata su dama kunun tsamiya su aiko. Mai kiran gayyar shi ne Nata'ala magini, taubashin Ɗantani, mutum mai baki, wanda bai taɓa ganin Ɗantani ya bar shi ya wuce salin-alin ba.

Sai aka zo shekarar da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki. Kowa na murna, har da waɗanda ba su san abin da suke wa murna ba. Ofishin su Ɗantani a zamanin soja ɗan ƙarami ne: shugaba ɗaya, akawu biyu, da wata tsohuwar tifa da kaji ke ƙwai a ƙarƙashinta. Ba ya yin komai, amma dai bai taɓa cewa zai yi ba. Da mulki ya sauya, kowane babba yana da mutanen da suka yi masa wahalar zaɓe, kuma dole a samar musu wurin zama. Sai aka raba ofishin gida biyu. Aka ce wannan ɓangare shi ne hukumar ruwan da ke kwance, wancan kuma hukumar ruwa mai gudu. Kowacce da daraktanta, da mataimakansa, da masu taimaka wa mataimakan, da direbobi. Aka ja katanga a tsakiyar harabar, aka yi ƙofa biyu, aka zuba masu gadi kashi biyu.

Ɗantani ya faɗa ɓangaren ruwan kwance, ƙarƙashin wani darakta da ake kira Alhaji Isyaku. Aka ɗinka masa sabon kaki mai maɓallan ƙarfe. Ranar da ya fara sawa, Adama ta sa shi ya juya gaba da baya, ta ce da mahaifiyarsu na raye da ta yi kukan daɗi.

Wata rana ya kai wa darakta shayi, ya ga fuskarsa a sake, sai ya durƙusa ya ce yana da 'yar magana. Ya ba shi labarin kududdufin, da lambatun, da ɗakin yayarsa. Ya zaci za a ce ya tashi ya ba da wuri. Sai ga Alhaji Isyaku ya ajiye kofi yana tambayarsa faɗin ruwan da zurfinsa. Ashe daga Abuja an ce kowace hukuma ta nuna ayyukan da ke gabanta, wadda ba ta nuna ba ba ta da rabo a kasafin kuɗi. Ɗantani bai san wannan ba. Shi dai ya ga babban mutum ya saurare shi.

Ba a daɗe ba sai ga allo. Babban allon ƙarfe, kore da fari, an rubuta cewa gwamnatin tarayya za ta gina magudanar siminti a wannan wuri. Ɗantani da kansa ya ɗauko shi a ka daga bakin titi, don mota ba ta shiga lungun. Aka kafa shi a bakin lambatun, darakta ya tsaya a gefe, mai hoto ya ɗauka. Kafin ya tafi, Alhaji Isyaku ya ja Ɗantani gefe ya ce masa:

“Ka gaya wa mutanenku kada kowa ya taɓa wurin nan. Masu duba aiki za su zo daga Abuja. In suka tarar da shi a yashe, cewa za su yi ba matsala, su kai aikin wani gari. Ku bar shi yadda yake, su gani da idonsu.”

Da lokacin gayya ya yi, Nata'ala ya fara zagaya soraye yana sanarwa. Ɗantani ya tare shi a ƙofar masallaci bayan la'asar, a gaban mai unguwa da dattawa, ya maimaita maganar darakta. Ya ƙara da tasa: wahalar kowace shekara ta ƙare, siminti za a zuba, jikokinsu ma ba za su san shebur ba.

Nata'ala ya dube shi daga hula har takalmi ya ce, “Ranka ya daɗe gwamna. To shi ruwan saman, ka kai masa shayin ka gaya masa ya jira?”

Aka yi dariya. Ɗantani ya ce ai mai cuɗa laka ba zai so siminti ba, don kasuwarsa ce za ta mutu. Aka sake dariya, wannan karon a kan Nata'ala. Mai unguwa ya ja carbinsa, sannan ya ce tun da hukuma ta sa hannu, ta kafa alamarta, ba daidai ba ne talaka ya shiga gabanta. Ku kuwa kun san mutanen cikin gari da girmama na sama. Kuma, a gaskiya, ba wanda ke marmarin shiga wannan baƙin taɓo. Aka watse a kan haka. Wasu ma, don su taimaka, sai suka riƙa zubar da shararsu a bakin lambatun, wai don masu duba aiki su fi jin tausayi.

Kuɗi kuwa sun zo. Ɗantani ya ga zuwansu, don shi ya riƙa buɗe wa kaya ƙofa. Motoci sabbi fil, har da ledar kujerunsu, ɗaya ta darakta, ɗaya ta gidansa, sauran na mataimaka. Kafet mai nutsar da ƙafa. Labule daga ƙasar waje. Na'urar sanyaya ɗaki a kowane ofis, da janareta mai ruri kamar zaki don ta ba su wuta. Da ɓangaren ruwa mai gudu suka gani, su ma suka sayo irinsu, suka ƙara da fentin katanga. Duk wata sai a tafi taro Abuja, a kwana a otal, a dawo da jakunkuna masu tambari. Ɗantani ya riƙa gaya wa kansa cewa haka aikin gwamnati yake, sai an shirya gida kafin a fita waje.

Ruwa ya sauka. Kududdufin ya fara cika, bai sami hanyar fita ba. Ɗantani ya sake durƙusawa gaban darakta, aka ce masa ana kan magana. Maganar kuwa ya ji ta da kunnensa ranar da daraktocin biyu suka zauna, yana zuba musu shayi. Na ruwa mai gudu ya ce lambatu nasa ne, tun da ruwa gudu yake a cikinsa, don haka kuɗin aikin a ba shi. Alhaji Isyaku ya ce lambatun da ya toshe ba ya gudu, ruwansa a kwance yake, nasa ne. Suka rabu ba su daidaita ba, aka miƙa maganar Abuja, Abuja ta kafa kwamiti. Kwamitin ma aka saya masa mota.

A nan ne idon Ɗantani ya buɗe. Ya fahimci cewa muddin lambatun yana toshe, aikin na maigidansa ne, ranar da aka buɗe shi kuwa ya koma na wancan. Ya tura kekensa a ƙasa har gida, bai hau ba.

Ya zagaya bayan gida ya duba. Ruwa ya taɓa gindin bangon Adama, ƙasar ta yi baƙi har tsayin gwiwa. Ya danna da yatsa, yatsan ya shige. Ya tafi wajen Nata'ala, ya sauke kai ya roƙe shi ya kira gayya. Nata'ala bai yi masa tsiya ba ranar, abin da ya fi tsoratar da Ɗantani ke nan. Ya ce bakin lambatun yanzu yana ƙarƙashin ruwan da ya fi tsayin mutum, ga shara ta danƙare, rabin majiya ƙarfi kuma sun tafi gona ƙauye. Sai dai a jira ruwa ya ɗan ɗauke kwana biyu. Amma ya ce a fitar da Adama daga ɗakin, yau ba gobe ba.

Ɗantani ya same ta tana murza alkaki. Ya ce ta dawo ɗakin tsakar gida kafin damina ta wuce, yara za su matsa mata. Ta ce ba inda za ta. Ya ce bangon ya jiƙe. Ta ce bangon nan ya ga daminar da ta fi wannan. Da ya matsa, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta dube shi.

“Ɗantani, kai ka tsaya a ƙofar masallaci ka ce gwamnati na zuwa. In na kwashe kayana, me unguwa za ta ce? Cewa za a yi ko wadda ta raine shi ba ta yarda da maganarsa ba. Ba zan yi maka wannan ba.”

Ya buɗe baki zai ce mata shi kansa ya daina yarda, sai ya ga kakinsa da ta wanke ta goge ta rataye masa a igiya. Ya ce to, Yaya, bari dai a ga jibi. Kunya ce ta kama shi, 'ya'yana, ba mugunta ba. Ya yi niyyar ya faɗa mata gaskiya ran Juma'a, in ya taso da wuri.

Ran Alhamis aka wayi gari da marka, irin ruwan nan da ba ya ƙarfi kuma ba ya tsayawa. Ranar ce kuma masu duba aiki suka iso daga Abuja. Zuciyar Ɗantani ta yi fari. Ya yi ta kai da kawo da faranti, shinkafa da kaji da lemo, yana jiran a ce masa ya shige gaba ya nuna hanya. Suka ci, suka yi sallar azahar, suka leƙa waje. Shugabansu ya tambaya ko mota na isa wurin. Aka ce a'a, sai an taka cikin lungu. Ya dubi takalminsa, ya dubi ruwan, ya ce a kawo hotunan. Aka baza su a tebur, ga allo, ga darakta a gefensa. Suka yaba, suka ce lallai wurin na bukatar aiki, za a sa shi a kasafin baɗi.

Ɗantani na tsaye da tire a hannu. Ya ce, “Ranka ya daɗe, akwai mutum a ɗakin da ke bayan allon nan.” Ba wanda ya juyo, sai Alhaji Isyaku da ya yi masa alama da hannu ya kwashe kwanuka.

Ya ƙulle ragowar kazar a leda don ya kai wa Adama, ya hau keke cikin ruwa. Tun daga bakin lungu ya ga takalma jibge a ƙofar soronsu. Nata'ala na zaune a dakali, taɓo har wuya, yatsunsa na jini. Bangon ya zauna ne bayan azahar, rufin ya biyo shi. Adama tana ciki, a kan sallaya. Da hannu suka tono ta, don ba wanda ya yarda a sa diga.

Aka kai ta kafin magariba. Washegari, ba tare da an kira gayya ba, maza suka fito, suka ɗaura wa juna igiya a ƙugu, suka nutsa suka buɗe lambatun. Kafin la'asar ruwa ya ja baya. Ba wanda ya ce wa Ɗantani komai, ko a ranar ko bayanta, har Nata'ala. Wasan da ke tsakaninsu ma daga nan ya mutu, sai gaisuwa.

Ofis ya aiko da wakilai ta'aziyya, suka tsaya a bakin titi aka kira shi ya same su. Daga baya aka kafa hukuma ta uku, ta kula da ambaliya, aka yanka mata wuri a cikin harabar, aka ƙara ƙofa. Alhaji Isyaku ya sami ƙarin girma ya koma Abuja. Mai unguwa ya rasu bayan shekara biyu. Nata'ala ya ci gaba da kiran gayya har ƙarfinsa ya ƙare, ɗansa ya karɓa. Allon ya yi tsatsa ya faɗi, aka shimfiɗa shi a kan lambatun ana takawa a wuce. Ɗantani ya ci gaba da kai shayi har ya yi ritaya, don yana da iyalin da zai ciyar. Bai sake gina ɗakin ba, kuma magudanar siminti ba a yi ta ba har ya rasu.