Rantsuwar Ashafa a Wayoyin Mutane

Ashafa bai taɓa cin kwabon kowa ba, kaf Nasarawan Doya an shaide shi da wannan. Shekara goma sha ɗaya yana jigilar rake zuwa kasuwar Maƙarfi da a-kori-kurarsa, sai bana ciwon baya ya kayar da shi, ya ga gara ya sayar da motar. Dillalai kuwa sun ishe shi, don haka ya ɗauki hotonta ya ɗora a wani zauren cinikin motoci na intanet.

Kwana biyu sai ga kira. Murya mai sanyi, gaisuwa har da tambayar iyali da damina. Mutumin ya ce yana son motar, amma an sha cutarsa a irin wannan ciniki.

"Ka yi mini bidiyo a jikinta, Malam Ashafa. Ka faɗi sunanka da garinku, ka nuna takardu, in san da mutum nake magana."

Kai, maganar nan ta yi wa Ashafa daɗi! Ga mai gudun cuta irinsa. Ya wanke mota tas, ya sa riga da hula, matarsa Zulai ta riƙe waya a ƙofar gida. Ya buɗe takardu ɗaya bayan ɗaya, ya tayar da inji a ji lafiyarsa. Sannan bawan Allah ya ƙara abin da ba a ma roƙe shi ba: ya dafa ƙirji ya ce wallahi tallahi motar nan tasa ce, kuma duk wanda ya yi ciniki da shi ba zai yi kuka ba.

Ya tura. Daga ranar lambar mutumin ba ta sake shiga ba.

Bayan sati uku wani Usmanu ya iso daga Kudan da ƙannensa biyu, wai sun zo ɗaukar mota, sun riga sun tura rabin kuɗi. Wa suka tura wa? Usmanu ya danna waya ya miƙa masa. Ashafa ya ga kansa da hularsa yana rantsuwa, a ƙasa an sa wata lamba da wani farashi mai arha kamar na babur. Aka yi hayaniya har maƙwabta suka fito, aka je gaban mai unguwa, daga nan wurin 'yan sanda. Aka duba, asusun da kuɗin suka shiga ba nasa ba ne. Aka sallame shi da yamma.

Wani ya zo daga Malikanchi, aka sake zaga wannan hanyar. Ashafa ya yi sabon bidiyo yana gargaɗin jama'a kada kowa ya tura ko sisi sai ya zo ya ga mota da idonsa. Ina! Gargaɗin bai wuce wayoyin danginsa ba, rantsuwar kuwa tana ta yawo. Ya gaji da bayani, ya gaji da cewa ba shi ba ne alhali ga shi ana gani. A majalisa ba wanda ya ce masa ɓarawo, sai dai in ya iso hirar takan canza. Abin nan shi ya fi ciwon bayan cin ransa.

Ran wata Laraba bayan azahar ɗan acaɓa ya sauke wani dattijo a ƙofar gidan. Malam Zulkifilu ne na Paki, aminin marigayi Bilya, mahaifin Ashafa, wanda rabon da su haɗu tun sadakar bakwai. Ashafa ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya durƙusa. Aka gaisa, aka tambayi gida, gona, jiki, aka yi wa mamaci addu'a. Da tsohon ya sa hannu a aljihu ya zaro waya, sai Ashafa ya gane abin da ya kawo shi.

"Shanuna biyu na sayar na tura kuɗin mota," in ji Malam Zulkifilu. "Ni me na sani a kan mota? Fuskarka na gani, na ji ka ambaci Allah. 'Ya'yana suka ce in zo in duba tukuna, na ce jinin Bilya ba ya buƙatar dubawa."

Ashafa ya fara bayanin da ya riga ya haddace. Tsohon ya saurara har ƙarshe, kansa a ƙasa.

"Na ji. Na yarda ba kai ba ne."

Zulai ta yi sallama ta ajiye kwanon ruwan sanyi da na fura, ta gaishe shi ta koma ciki. Rana tana ƙuna, mutum ya taso tun daga Paki a kan babur, leɓensa duk ya bushe. Ashafa ya buɗe kwanon ya tura gabansa.

"Bismillah, Baba."

Malam Zulkifilu ya dubi ruwan, ya jawo takalmansa.

"Alhamdulillahi, a ƙoshe nake," ya ce.

Ya miƙe da ƙyar, ya ce ba sai an raka shi ba.