Taɓaryar Kaltume

A shekarun da Nasara suka fara zama Sakkwato, akwai wani majemi mai suna Maigandi. Matarsa Kaltume ta yi ɓari har sau biyu, don haka da ta sake samun ciki ya hana ta duk wani aiki mai nauyi. Taɓaryarta ma ya ɗauke ya kai gidan yayarsa, can ake yi musu daka.

Ciki ya zauna kuwa. Sai dai ya zauna har ya wuce watansa. Ƙafafun Kaltume suka kumbura, ɗan ya rage motsi, naƙuda shiru. Matan unguwa suka fara rage murya in sun hango Maigandi.

Ranar wata Laraba da hantsi aka zo da Iyatu, tsohuwar ungozoma daga Dundaye. Ta lalube cikin, ta dubi turmi a kife, ta tambayi inda taɓarya take. Maigandi ya faɗa mata, kansa a ƙasa.

"Kai ka hana ta daka, ɗana? To, ɗan nan ya ji daɗin kwanciya. Tahi ka ɗauko."

Haka ya ratso unguwa da taɓarya a kafaɗa, abokan jima suna tambayarsa ko surfe ya koma.

Iyatu ta sa Kaltume daka, shi kuma ya zauna a zaure yana jin lugude. Wannan ƙarar ce ya yi watanni yana tsoro. In daka ya tsaya, sai ya ji Iyatu tana zagayawa da ita tsakar gida, tana tsokanarta wai tafiyarta kamar agwagwa. Ta ɗaure mata zane a saman ciki, ta murza da man shanu zuwa ƙasa, ta maido ta bakin turmi. Sau ɗaya ya miƙe zai shiga ya ce a bari haka, kunya ta zaunar da shi.

Bayan la'asar daka ya tsaya bai ci gaba ba. Kafin magariba ya ji kukan jinjiri.

Iyatu ta leƙo tana goge hannu, ta ce mace ce.

"Inna, uwar fa?"

"Tana neman kunu."

Maigandi ya yi hamdala. Sai ya durƙusa a gaban Iyatu, ya daɗe a haka, har ta ce ya tashi ya nemo itacen ruwan wanka.