Ƙofar da Malam Liti Ya Toshe

Malam Liti na Rogo Ruma mutum ne da ko sallama ka yi masa sai ya tambayi wanda ya aiko ka. Tun da ya yi ritaya daga koyarwa ba shi da abokin hira sai tsohuwar kwamfuta mai manhajar Linux da ɗansa Bahauddeen ya bari. Shi kuwa Bahauddeen, ranar da ya ce ba zai yi noman gyaɗa ba, uban ya ce kada ya ƙara taka masa zaure. Yaro ya koma Kano, ko waya ba sa yi. Abin yana cin Malam a rai, amma girman kai rawanin tsiya.

To, sai kwamfuta ta fara abin mamaki. Idon Malam yana raguwa, rubutun allonta yana ƙara girma da kansa. Kowace Juma'a kuma sai ga sabon karatun tafsiri, alhali bai sa ba.

"Ruwa ba ya tsami banza," in ji shi. Ya zargi mai cajin waya, ya zargi maƙwabci, har matarsa Rekiya, wadda ko kunna ta ba ta iya ba, sai da ta sha harara.

Ya aika aka kira Ikilima, 'yar ƙaninsa da ke koyar da kwamfuta a Karaye. Suka gaisa, ta duba.

"Baffa, ta intanet ake shigowa. Sai a gina mata katanga, fayawol muke cewa. A hana kowa shiga, sai ƙofar da ka yarda."

"Gina ta har sama!"

Ta yi 'yan rubuce-rubuce, sai ta dakata. "Ƙofa ɗaya ce ake bi, mai lamba ashirin da biyu. Kuma fa ba fasawa aka yi ba, mai shigowar yana da makulli. Baffa, ko dai..."

"Ko dai me? Ɓarawo mai makulli ai ya fi muni. Toshe!"

Ikilima ta buɗe baki, ta ga fuskarsa, ta toshe.

Kai, zo ka ga murna wurin Malam! A majalisa har bugun ƙirji yake, wai ya gama da 'yan damfara. Juma'a ta zo, ba tafsiri. Wata ta zo, shiru. Rubutu ya tsaya inda yake, ido kuwa bai tsaya ba.

Wata safiya Rekiya ta ajiye masa koko, ta ƙi tafiya.

"Malam, yaron nan ya kira ni. Ya ce ya zo ya tarar ka rufe wannan ƙofar ma. Ya ce in faɗa maka ya ji, ba zai ƙara takawa ba."

Ashe duk wannan lokaci ɗansa ne ke lallaɓowa yana yi masa hidima a ɓoye. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, koko ya huce a gabansa.

A ranar ya aika, Ikilima ta hawo acaɓa ta buɗe ƙofar. Juma'a ta zo, Malam ya zauna gaban allo tun daga saukowa daga masallaci har la'asar. Ba wanda ya shigo.

Ya daɗe yana jujjuya wayarsa, sannan ya miƙa wa Rekiya.

"Idona ba ya ganin sunayen nan. Nemo min shi."