Kayan da Ba a Zo Karɓa Ba

Duk wanda ya san layin bayan tasha a Dutsin-Ma ya san gidan Turai mai wanki, don tun daga waje ake hango atamfofi suna kaɗawa a kan igiya. 'Yan matan jami'a masu haya a unguwar su ne abokan cinikinta. Yara ne masu kirki, amma da a ce su durƙusa gaban bokiti, gara a ce su sake jarrabawa. Turai ba ta taɓa ganin laifinsu ba, tunda da ƙyuyarsu take ciyar da gidanta. Mijinta Alu kuma acaba yake yi da babur ɗin wani, shi ma ɗaliban nan dai yake ɗauka. Gidan gaba ɗaya a jikin jami'a ya jingina.

Turai mace ce mai taurin kai, wannan ko masoyinta ba zai musa ba. Abin da take taƙama da shi a duniya guda ɗaya ne: tunda ta fara wanki, ko ɗankwalin wani bai taɓa ɓata a hannunta ba.

Cikin ɗaliban akwai Surayya, 'yar Kaduna, mai yawan dariya da yawan mantuwa. Ita ce ta shaƙu da Zinariya, 'yar farin Turai, wadda ke ajin ƙarshe na firamare. In Surayya ta kawo wanki sai ta zauna a bakin rijiya ta duba wa yarinyar aikin gida, tana yi mata tsiya wai rubutunta kamar kaza ta bi ta kan takarda. Turai takan ji daɗi, amma ba ta nunawa. Kunyar ɗan fari ta hana ta ko kama sunan yarinyar, sai dai "ke" ko "yarinyar nan".

Satin da abin zai faru, Surayya ta dawo daga bikin yayarta da jaka cike da kayan da ta sha biki da su. Akwai leshi, akwai atamfofi masu tsada, da wani mayafi ruwan zuma mai duwatsu a baki. Ta ajiye ta ce ba sauri take ba.

Kafin kayan su bushe aka ce korona ta shigo ƙasa, an rufe makarantu. Unguwar ta hargitse. Ɗalibai suka riƙa zuwa suna kwashe kayansu a jiƙe daga kan igiya, kowa na neman mota. Surayya kuwa yayanta ya zo ya ɗauke ta tun da safe, ko sallama ba ta samu ta yi ba. Turai ba ta da lambarta, don bakin ƙofa ya ishe su magana. Ta goge kayan, ta ninke, ta mayar cikin jaka ta ɗora bisa durowa. Kowa cewa yake abin ba zai wuce wata guda ba.

Wata rana ta shigo ɗaki ta tarar da Zinariya ta yafa mayafin nan, tana juyi gaban madubi, fuskarta fal murna. Gaskiya ya yi mata kyau. Turai ta gani, har zuciyarta ta yi sanyi, amma hannunta ya riga zuciyar. Ta kai mata duka a baya ta fizge mayafin.

"Naki ne? Ubanki ya saya miki?"

"Inna, gwadawa kurum na yi."

"Kayan mutane ba abin gwaji ba ne. Fice mini!"

Yarinyar ta fita ba ta yi kuka ba. Turai ta sake goge mayafin ta mayar.

Daga nan aka saka dokar kulle, azumi kuma ya kama. Mai babur ya karɓe abinsa, tunda babu wanda za a ɗauka. Igiyoyin Turai suka zama wurin hutawar tsuntsaye. Tuwo ya koma kunu, kunun ma kullum ƙara masa ruwa ake yi, har ƙannen Zinariya biyu suka daina tambayar me za a ci da buɗa-baki. Akuya ta tafi, wayar Alu ta bi ta, kwanukan auren Turai suka fice ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin hijabin Na'ima dillaliya. An buɗe kasuwa daga baya, amma jami'a ba ta buɗe ba, masara kuma ta yi tsadar da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba.

Duk da haka, kowace Juma'a Turai sai ta sauke jakar Surayya ta baza kayan a rana don kada su yi warin ajiya, ta zuba kanumfari a tsakaninsu saboda kyankyasai. A irin wannan shanya ce idon Na'ima ya faɗa kan leshin. Ta murza shi tsakanin yatsu ta riƙe baki.

"Turai, kina zaune bisa arziki kina shan ruwan kunu? Wanga leshi shi kaɗai ya kawo miki buhun masara. In kin haɗa da atamfofin, kun ga kaka lafiya lau."

"Ba nawa ba ne."

"Wa ya ce naki ne? Mai su tana can Kaduna tana cin shinkafa, ta ma manta."

"In ta manta, ni ban manta ba."

Alu yana zaure ya ji komai. Mutum ne marar hayaniya, zaman banza kuma ya ƙara kashe masa baki, amma ran nan ya yi magana. Ya ce su sayar, in Allah ya kawo sauƙi su saya mata wasu, su ba ta haƙuri. Ya ce ko malamai sun san lalura.

"Malam, da wane ido zan dube ta?" in ji Turai. "In ce mata mi? Na cinye miki kaya?"

"Da wane ido kike duban yaran ga?"

Turai ta juya ta ci gaba da shanyarta. Washegari ta ba Na'ima dutsen gugarta, abin sana'arta na ƙarshe, ya kawo musu abin da bai kai sati ba. A nan mai ba da labari ba zai ɓoye ba, haushinta yake ji, kuma bai san abin da shi zai yi ba da shi ne a wurinta.

Da damina ta kankama, Hudu yayan Alu ya zo daga Tamawa ta ƙasar Kurfi. Ya dubi yaran, ya dubi murhu, bai tambayi komai ba. Ya ce a ba shi ɗaya ya tafi da shi, ko ba komai a ƙauye akwai ganye, bakin ci ɗaya kuma ya ragu a nan. Ƙananan ba za su iya rabuwa da uwa ba. Zinariya ce da kanta ta ce za ta, tunda ba makaranta.

Ranar tafiya ta wanke kayan makarantarta ta rataye a ƙusa bayan ƙofa. Ta ɗaure littattafanta cikin leda ta tsaya gaban uwarta.

"Inna, in an buɗe ku aiko da wuri. Kar a yi jarrabawa ba ni."

"To, na ji. Ki yi wa mutane biyayya."

Abin da ta iya ce mata ke nan. Tana so ta jawo ta jikinta, amma ga Yaya Hudu tsaye, kuma uwa ba ta rungumar 'yar fari a gaban surukai. Ta leƙa ta kafar zaure har suka sha kwana. Jakar tana nan bisa durowa, kuma Turai ta sani sarai da ta sauke ta da yarinyar ba ta tafi ba.

Abin da Hudu bai faɗa ba shi ne nasa rumbun ma ya kusa ƙasa. Tsakiyar damina ba lokacin ƙoshi ba ne a ƙauye, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Zinariya ta bi 'ya'yansa gona, ta ci kwaɗon tafasa da rama kamar kowa. Ba wanda ya ƙuntata mata. Da zazzaɓin damina ya zagayo ya kama yaran gidan duka, sauran suka tashi, ita jikinta ba shi da abin da zai yi faɗa da shi. An yi ruwa kwana da kwanaki, hanya ta ɓaci, kafin a samu mai babur da zai kai ta Kurfi rai ya yi halinsa.

Ko da Turai da Alu suka isa Tamawa, an dawo daga maƙabarta. Aka miƙo mata ledar littattafai. Ta zauna cikin mata ta karɓi gaisuwa, idonta a bushe, ana ta yaba haƙurinta, wai ta yi kara irin ta mutanen da. Ba su san numfashi ma da ƙyar take yi ba. Alu bai taɓa ce mata ga abin da taurin kanta ya jawo ba, ko sau ɗaya. Da ya faɗa da ta fi samun sauƙi.

Bayan kaka aka buɗe firamare. Kullum da safe ƙawayen Zinariya sukan wuce ta ƙofar gidan da takunkumi a fuska, in sun zo daidai zauren sai su rage murya. Kayan makarantar suna nan a ƙusa. Turai kuma ba ta fasa shanyar Juma'a ba, har ta fi da kula. Abin da ya rage mata ke nan. In ta mayar da kayan nan cif, ba ko zare da ya ɓata, to aƙalla akwai dalilin da ya sa abin da ya faru ya faru.

Sai da shekara ta juya aka buɗe jami'a. Unguwa ta sake cika da hayaniya. Da Turai ta ji Surayya ta dawo, ta ari dutsen guga a maƙwabta, ta bi kayan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki jakar a ka ta tafi da kanta.

Surayya ta yi ƙiba, ta yi haske. Tana ganinta ta daka tsalle.

"Inna Turai! Wallahi kina cikin raina. Ya bayan rabuwa? Ya kuka ji da wannan masifa?"

"Mun gode Allah. Ga kayanki, ki duba."

Surayya ta buɗe jakar, ƙamshin kanumfari ya tashi. Ta dafe ƙirji tana dariya.

"Kai, Inna! Har yanzu suna nan? Ai ni tun a mota na ce na bar wa Zinariya su. Na so in aiko a gaya miki, ba lambarki, daga baya kuma abin ya fice mini. Ko shiga jikina ma ba za su yi ba yanzu. Ki kai mata, a rage mata su. Mayafin nan musamman, tun ranar da na kawo na ga idonta a kai." Ta leƙa bayan Turai. "Ina take? Ta ci jarrabawar?"

Turai ta dafa bango. Ta ji bakinta yana cewa Allah ya yi wa yarinyar rasuwa tun da damina, a ƙauye wurin baffanta. Surayya ta zube a bakin katifa ta fashe da kuka, kuka na gaskiya, har maƙwabtan ɗaki suka leƙo. Turai ce ta koma tana ba ta haƙuri. Ba ta gaya mata abin da ya kai yarinyar ƙauye ba. Me Surayya ta yi? Kyauta ta yi, ta manta ba ta faɗa ba.

Turai ta sake ɗora jakar a ka. Hanyar gida ba ta da nisa, amma sai da ta tsaya ta huta. Tun a mota, in ji Surayya. Wato ranar da ta doki yarinyar nan, mayafinta ne ta yafa. Ranar da Na'ima ta murza leshin, ranar da aka sha kwana da ledar littattafai, buhun masarar yarinyar ne ke zaune bisa durowa, uwarta tana gadinsa kada ta taɓa.

Alu yana tsakar gida yana wanke sabon babur ɗin da aka ba shi haya. Ya ga jakar ya miƙe.

"Ba ki same ta ba?"

"Na same ta."

"To mi ya faru? Wani abu ya ɓata?"

"Ba abin da ya ɓata." Ta sauke jakar a hankali. "Ta ce tun ranar da ta tahi ta bayar da su. Ta ce na Zinariya ne."

Tunda aka raɗa wa yarinyar suna, Alu bai taɓa jin sa a bakin Turai ba sai ran nan. Ya tsaya da tsumma a hannu, ruwa na ɗiga a ƙafarsa. Sannan ya ajiye tsumman ya fita zaure, ta ji shi yana kuka kamar yaro.

Na'ima ta ji labari ta zo, ta ce to yanzu ai halak ne, a kawo ta sayar, ko dutsen guga a mayar. Alu ma ya ce haka, a hankali. Turai ta ce ta ji.

Ran Juma'a ta sauke jakar. Ta baza leshin da atamfofin a kan igiya, ta kakkaɓe mayafin ta shanya daga gefen inuwa don kada rana ta cinye launinsa. Da la'asar ta ninke su, ta zuba sabon kanumfari, ta mayar bisa durowa. Kayan suna da mai su, kuma ba ta zo ta karɓa ba.