Inda Suka Tsaya da Mama

Mai gyaran agogo ya rufe shago tun kafin la'asar, abin da bai taɓa yi ba.

"Lafiya, maƙwabci?" tela ya leƙo. "Ko amarya aka yi maka ba mu sani ba?"

"Talabijin zan kalla."

"Kai ɗin? Kai da kake cewa ƙarya ce da tsakar rana?"

Mai gyaran agogon ya kama hanyar gida. Tun rasuwar matarsa, wayarsa da Auta, 'yarsa da ke aiki a wani gari, ba ta wuce gaisuwa. Ina wuni, ya jiki, sai anjima. Da can ita da uwarta kan zauna su kalli wani dogon shiri na 'yan sama jannati, suna ihu suna gardama, shi yana tsaki daga ɗaki. Yanzu tashar za ta dawo da sabon zango, kuma yau za ta taƙaita duk abin da ya wuce saboda sababbin masu kallo. Abin hira yake nema.

Ya share ƙurar allon da hannun riga, ya zauna a gefen kujera. Wata murya ta shiga bayani da sauri: ga kumbon, ga duniyar da ta ƙone, ga mutum-mutumin da ya ci amanarsu, ga Kyaftin, mace mai tabo a goshi. Ya riƙa maimaita sunayen a fili, falon yana dawo masa da muryarsa.

Ana gamawa ya kira Auta.

"Baba, ina wuni? Ya ji..."

"Auta, ashe mutum-mutumin nan munafuki ne!"

"Baba?" Ta yi dariya, irin wadda ya daɗe bai ji ba. "Kai ne ko an sace wayarka?"

"Ni ne mana! Ai tun ganin idonsa na ce wannan ba mutumin kirki ba ne."

"Ai ba mutum ba ne ma, Baba."

Daɗi ya kwashe shi. "Ita kuwa Kyaftin, baiwar Allah, da ta mutu sai da na ji..."

Dariyar ta ɗauke.

"Ta mutu?"

"A zango na huɗu. Ba ki..."

"Ban kai nan ba. Ranar da aka kwantar da Mama a asibiti muna tsakiyar na uku. Inda muka tsaya, nan na tsaya."

Ya rage muryar talabijin.

"Ya aka yi ta mutu?" ta tambaya a hankali.

"Ban sani ba, 'yata. Ba su nuna ba. Hularta kawai na gani tana yawo a sarari, sai suka wuce."

Ya ji ta ja hanci.

"Zan kira ka, Baba."

Ta kashe. A allon, sabon zangon ya fara, wasu baƙin fuskoki suna gudu cikin kumbo. Ya ɗora wayar a gwiwarsa, ya ƙara murya, ya tattara hankalinsa, ko da za ta tambaya.