Awarwaron Kaka

Auta ya zare wayar talabijin, ya hura bakinta, ya sake sokawa, alhali ya san lafiyarta ƙalau. Falo ya cika. Kawu ya kame babbar kujera, an tokara wa Kaka matashi a baya, an goge mata tabarau.

Tun kafin a haifi mahaifiyarsu Kaka take ba da labarin fim ɗin da ta fito a ciki tana budurwa. Auta ne ya samo shi wurin mai tura finafinai da ke kusa da shagonsa na gyaran waya, kuma shi kaɗai ya riga ya kalla. Shi ya sa yake ta jan lokaci.

"Ko mu aika a kira mai gyara?" in ji Kawu. Aka yi dariya. Auta ya danna.

Fim ne mai baƙi da fari, labarin wani attajiri da 'ya'yansa masu rigima. Ba a yi nisa ba Yaya, 'yar jami'a, ta fara ƙunƙuni. Wai duk masu magana farare ne, irinmu kuwa sai shara da buɗe ƙofa, ko suna ba a ba su ba. Auta ya taka mata ƙafa. Ta harare shi, ta ce ƙarya ta yi?

Kaka ta gyara tabarau. Ta matso gaba.

Sai wurin ya zo. Uwargidan attajirin tana kuka a teburin cin abinci. Wata 'yar aiki ta shigo, bayanta kawai ake gani, ta ajiye faranti, ta fita. Shi ke nan. Auta ya san Kaka ce, kuma ba za ta sake fitowa ba har ƙarshe.

Kawu ya buɗe baki, matarsa ta mintsine shi.

"Dawo da shi baya," Kaka ta ce. "Ka ƙara murya."

Auta ya mayar. Da farantin ya taɓa tebur, sai aka ji wani siririn ƙara, kacau, a tsakiyar kukan uwargida.

Kaka ta ce an hana ta juyowa, an hana ta magana, aka kuma ce ta cire awarwaronta don ƙararsa na shiga na'urar ɗaukar murya. Na mahaifiyarta ne. Sai ta tura shi sama cikin hannun riga, da ta sunkuya ta sake shi ya zubo.

"Sun hana ni baki," ta ce, "amma ai kun ji ni."

Yaya ta dubi tsintsiyar hannunta, inda awarwaron yake tun ranar da ta samu shiga jami'a. Ta karɓi rimot daga hannun Auta, ta sake mayarwa baya.