Rufin da Baba Ke Shayarwa

Sau uku mai feshi yana zuwa gidanmu, sau uku yana komawa da maganinsa a jarka. Kullum magana ɗaya: rufin a jiƙe yake.

Rufin kankare ne, Baba ya zuba shi da hannunsa tun kafin a haife ni, lokacin yana magini. Yanzu ruwa ya ratsa shi ya kai ga rodin ciki, rodin ya yi tsatsa ya kumbura, har ɓarɓashin siminti ke zubowa kan gadon Baba. Ni da na karanci aikin gini na san inda aka dosa. In damina ta sake samunsa haka, sai rushewa. Muka goge tsatsar, muka cike tsagar da sabon siminti. Saura a fesa maganin da ke shigewa cikin kankare ya hana shi shan ruwa. Sharaɗinsa ɗaya tak, wurin ya kwana uku a bushe.

To daga ina ruwan yake? Sama ko ɗigo ba ta yi ba, sai dai hadari da ya fara leƙowa daga gabas yana tayar mini da hankali. Na zargi tankin ruwa, na sa mai famfo ya sha rana a banza. Na zargi shanyar Mama, ta ce in fita idonta.

Ran nan da sassafe na hau rufin, sai ga Baba da bokiti, yana yayyafa ruwa a nitse kamar mai ban-ruwan lambu. Raina ya ɓaci.

"Baba! Ashe kai ne?"

"Ni ne mana. Sabon siminti kuka sa, kuka bar shi da ƙishirwa."

"Mun ba shi ruwa kwana bakwai, Baba. Yau sati uku!"

"Injiniya ke nan," ya ce, ko kallona bai yi ba. "Siminti ba ya ƙoshi. A wace makaranta aka ce miki ya ƙoshi?"

Na yi bayanin rodi, na yi na tsatsa, har na kai shi ɗakinsa na nuna masa ɓarɓashin da ke kan matashinsa. Ya kaɗe shi da hannu ya ce ƙura ce. Da na ga magana ba ta ci, na sayo kwaɗo na datse ƙofar bene, na rataya makullin a wuyana. Kwana huɗu ko gaisuwata ba ya amsawa.

Mai feshi ya zo ya yi aikinsa. Da maganin ya kama, na buɗe ƙofar, na miƙa wa Baba bokitinsa don ya gani da idonsa. Gaskiya so nake in ji ya ce na fi shi.

Ya yayyafa. Ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, ya gangara bakin indararo, kankaren ko duhu bai yi ba. Ya sake zubawa, haka. Ya durƙusa da ƙyar ya shafa wurin da tafin hannunsa.

"Shekara arba'in yana karɓa daga hannuna," ya ce a hankali. "Yau ya ƙi."

Ya ajiye bokitin a gabana, ya ce in riƙe hannunsa mu sauka, gwiwarsa na ciwo.